Shekara biyu ina ɗinka sunan wani a wuyan rigar da ba tasa ba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wannan labarin nawa ne, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma na daɗe ina ɗauke da shi a ciki har matata sai bayan aurenmu ta ji shi duka. Ina rubuta shi ne saboda telolinmu matasa da kullum suke turo min saƙo suna cewa Malam ka samo mana hanya mu ma mu zo Faransa.

Ni haifaffen Damagaram ne, a unguwar Birni na tashi. Babana mai ɗinkin hannu ne, irin na babbar riga, aska takwas, aska biyu, kwaɗo da linzami, duk abin da ka sani. A zauren gidanmu yake zama a kan tabarma ya ɗora riga a gwiwa tun hantsi har la'asar, riga ɗaya sai ta ci masa wata uku wani lokaci har huɗu. Ina da shekara bakwai ya fara ba ni allura, ba don in yi ɗinki ba, don in koyi zura zare kawai, na yi wata da watanni ba abin da nake sai zura masa zare a allura in miƙa masa. Baba bai taɓa sa sunansa a jikin riga ba, bai ma san ana yin haka ba, amma ranar sallah in an fito hawa dattijai na iya nuna riga daga nesa suce wannan hannun wane ne, saboda yadda yake juya tambarin nan na baya, zagayensa ba ya karkata ko kaɗan.

Da aka karya darajar sefa a 1994 abubuwa suka fara taɓarɓare mana. Zare da shadda duk daga waje suke zuwa, kuɗinsu ya tashi, ga kuma injin surfani ya cika gari, abin da Baba zai yi a wata uku yaro zai fitar da shi a kwana biyu, masu kuɗin ma suka daina jira. Na bar lakwal ban yi nisa ba, na koma kan keke a wani shago kusa da kasuwar Dole. Baba bai hana ni ba amma na san abin ya yi masa ciwo. Daga baya idonsa ya fara yana, sai ka ga yana kai allura kusa da hanci yana neman kafar.

A 2009 na bi ta Agadas na shiga Libiya, na yi ɗinki a Sabha sannan Turabulus. Yaƙin 2011 ya same ni can, hanyar gida ta toshe min, na shiga jirgin ruwan nan da kowa ya sani na sauka Lampedusa, wani tsibiri na Italiya. Abin da na gani a kan ruwa ba zan faɗe shi a nan ba, wannan labari ne na daban. Na yi kusan shekara a Italiya sannan na tsallaka Faransa saboda ina jin Faransanci kaɗan-kaɗan, na sauka Paris a sanyin 2012 da jaka ɗaya, ba takarda ba kowa.

Duk baƙon da ya zo Paris ba shi da kowa Château Rouge yake nufa, nan unguwar Goutte d'Or, inda za ka ji ƙamshin busasshen kifi ka ga atamfa a rataye kamar kana Wambai. Akwai teloli da yawa a wurin, ƴan Senegal, ƴan Mali, ƴan Gini, mutanen kirki, sun ba ni keke ina kama musu aiki ana ba ni na abinci. A nan wani mutum ya gan ni ina kalmasa bakin siket da hannu, ya tsaya ya daɗe yana kallo, yace yana da aikin da ya fi wannan kuɗi. Ban tambaye shi wane irin aiki ba ne. Wallahi ban tambaya ba, saboda ina tsoron in ji amsar da za ta hana ni karɓa.

Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa a bayan gari, ba taga, mu shida. Ana kawo kaya a kwali, riguna da jakunkuna da mayafai marasa suna, a gefe guda kuma ga wata leda cike da etiket, wato ƴar lambar ƙyallen nan da ake ɗinkawa a wuyan riga daga ciki mai ɗauke da sunan gidan da ya yi ta. Sunaye ne manya na gidajen ɗinkin Paris, wanda ya fi yawa a ciki shi ne Dior. Aikinmu mu ɗinka. Ana biya ne a kan ƙidaya, ni kuma hannuna na da sauri, nan da nan na fi kowa samu. Wata na uku na tura kuɗi gida aka kai Baba aka yi masa aikin ido, ya dawo yana gani.

To a nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Baba ya kira ni yana murna yana sa min albarka, sai yace, wai wane irin ɗinki kake yi a can da ake biya haka? Idona na kan ledar nan, sai kawai bakina yace, Baba a wani babban gidan ɗinki nake aiki, sunansa Dior, sarakuna da matan shugabanni ake yi wa kaya. Yace Alhamdulillahi, ashe zura zaren nan bai tafi a banza ba. Kafin sati ya zagayo duk zauren an ji, abokansa suna ce min ɗan Diyor in sun karɓi waya mu gaisa. Duk ranar Juma'a sai ya tambaye ni me muka ɗinka a satin, ni kuma in ƙirƙiro masa.

Bayan kamar shekara ɗaya da rabi mai gidan namu ya gano wata sabuwar hanya. Turawa suna sayen tsofaffin kaya na shekarun baya da tsada sosai, in dai na babban gida ne, sai ya riƙa sayo tsofaffin riguna na gwanjo masu ɗan kyau, ya sa a buga masa etiket irin na da, a jiƙa a ruwan shayi ya yi kamar ya tsufa, ni kuma in ɗinka da hannu don ni kaɗai na iya. Wata Lahadi ya ba ni wata baƙar kwat ta mata yace in kai kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen, can bayan Porte de Clignancourt, in ce ta kakar matar da nake wa aikin gida ce.

Na shiga rumfar wata tsohuwa, ƴar ƙarama da ita, gashi fari fat, tabarau a rataye a wuya. Ta karɓi kwat ɗin ba ta ko kalli gabanta ba, ta juye ta ciki ya koma waje, ta bi ɗinkin da babban yatsa kamar yadda Baba yake yi in yana duba aikin almajiri. Ba ta yi minti biyu ba ta ɗago tace, etiket ɗin nan yana cewa sanyin 1954, amma zif ɗin na roba ne, bakin ƙyallen injin ne ya cinye shi, irin wanda telolinmu na Najeriya ke ce wa wibin, zaren ma na roba ne, a 1954 ba mai yin haka a gidan nan. Na ji ƙafata ta mutu, na fara duban ƙofa don na tabbata ƴan sanda za ta kira. Sai tace, wa ya ɗinka etiket ɗin? Na yi shiru. Tace ba rigar nake tambaya ba, rigar banza ce, wanda ya kafa ƙyallen nan nake tambaya, don ɗinkin nan guda takwas da ke kusurwoyinsa duk tsawonsu ɗaya, na yi shekaru ban ga hannu irin wannan ba. Nace ni ne Madam. Tace to yarona, da wannan hannun kake wannan aikin?

Ban iya ba ta amsa ba, na ɗauki kwat ɗin na fita, na zauna a tashar metro na yi kuka kamar ƙaramin yaro, mutane na wucewa ba wanda ya kula. Ba tsoron kamu ne ya sa ni kuka ba, kalmar nan ce, don da muryar Baba na ji ta.

Sati biyu ina kai da komo a raina. In na bar ɗakin nan ba ni da wurin kwana don a can muke kwana, ba ni da abin turawa gida, ga ƙannena biyu a makaranta. Mai gidan kuma ya riƙe min kuɗin wata biyu, ya san ba inda zan kai ƙara tunda ba ni da takarda. Na yi istihara, ranar wata Asabar da asuba na ɗauki jakata na fita na bar masa kuɗin. Na koma wurin tsohuwar nace Madam na bari, in kina da gyara ki ba ni ko na abinci ne.

Ashe ita ma tela ce. Tana da shekara 15 ta shiga gidan Dior a 1961 a matsayin ƴar koyo, arpette suke cewa, aikinta tsintar fil a ƙasa da maganaɗisu da kai saƙo daga bene zuwa bene, kamar dai yadda na yi ta zura zare. Ta yi shekaru a sashen da suke kira flou, inda ake ɗinka kaya masu laushi irin su siliki, ɗaya sashen kuma shi ne tailleur na kwat da kaya masu tsayuwa. Masu ɗinkin hannun nan ana ce musu petites mains, wato ƙananan hannaye, sunansu ba ya fita a ko'ina. Da ta yi ritaya ta buɗe rumfar.

A bayan rumfar nan na yi karatun da ban yi a lakwal ba. Tana da wani kwalin takalmi cike da etiket na gaske da ta ciro daga kayan da suka lalace ba sa gyaruwa, in kasuwa ta yi sanyi sai ta zube su a kan tebur tana ba ni tarihi. Tace wanda ake cewa shi ya fara ɗinka sunansa a jikin riga wani Bature ne ɗan Ingila, Charles Frederick Worth, da ya buɗe gidansa a Paris a 1858, kafin nan tela tela ne kawai, mai riga ake sani ba mai ɗinki ba. Kuma tun da aka fara sa suna aka fara satarsa. Wani babban telan Paris, Paul Poiret, ya je Amurka a 1913 ya tarar da kaya ɗauke da sunansa waɗanda bai taɓa gani ba. Madeleine Vionnet kuwa, ita ma babbar tela ce a Paris, da abin ya ishe ta sai ta riƙa dangwala yatsanta a jikin etiket ɗin, kamar yadda muke dangwalawa ranar zaɓe. Wannan ya tsaya min a rai ƙwarai, mace ta rasa yadda za ta kare guminta sai da zanen yatsanta, ni kuma na yi shekara biyu ina cikin masu cin irin wannan gumin.

Shi Christian Dior an haife shi a 1905 a Granville, bakin teku a Normandi. Bai buɗe gidansa ba sai da ya haura arba'in, a Disamba 1946, a lamba 30 titin Montaigne, da kuɗin wani attajirin masaƙu mai suna Marcel Boussac. Ranar 12 ga Fabrairu 1947 ya nuna kayansa na farko, ƙugu a matse siket a buɗe, wani siket ɗin yana cin ƙyalle kusan mita 20, a lokacin da aka fito daga yaƙin duniya ƙyalle ma ta ƙa'ida ake samunsa, har wasu suka yi ta fushi suna cewa almubazzaranci ne. Wata ƴar jarida daga Amurka, Carmel Snow, ita ta laƙaba masa suna New Look, sunan ya bi shi. Shekara goma kacal ya yi yana jan gidan, ya rasu a Italiya a Oktoba 1957, mataimakinsa Yves Saint Laurent mai shekara 21 ya gaje shi, sai Marc Bohan daga 1960 har 1989, shi ne wanda Madam ta yi aiki a zamaninsa, bayansa Gianfranco Ferré, sai John Galliano, haka dai. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mai sunan ya rasu tun kafin a haifi yawancin masu ɗinka sunan nasa a yau.

Ta koya min cewa ba duk abin da aka rubuta Dior ne abu ɗaya ba, ko da na gaske ne. Akwai na haute couture, wanda aka auna jikin mace ɗaya aka ɗinka mata ita kaɗai da hannu a Paris, irin wannan a shekarun 1950 za ka ga an rubuta lokacin da aka yi shi, bazara ko sanyin shekara kaza, ga kuma lamba da aka buga, wadda ke komawa ga littafin gidan. Wani lokaci in ka ɗaga shafi za ka tarar da wani siririn ƙyalle da aka yi rubutu da hannu a kai, bolduc suke ce masa. Kalmar haute couture ɗin ma doka ce ke tsare ta a Faransa tun 1945, ba kowa ke da ikon amfani da ita ba. Sannan akwai Christian Dior New York da aka buɗe a 1948 ana ɗinka wa Amurkawa a can, akwai na Landan, akwai Miss Dior na kayan da aka riga aka ɗinka wanda ya fito a 1967, akwai kuma kayan da wasu kamfanoni suka yi da izinin gidan suka sa sunan, irin su safa da lakataye. Duk halal ne amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma mai sayarwa da ya san bambancin ya yi shiru shi ma ya ci amana. Tace shi kansa Dior har alama yake sa wa a kayansa da wata tawada da ido ba ya gani sai an haska wata fitila ta musamman, don gane masu kwafa.

Abin da ta fi nanata min shi ne etiket shi ne abu na ƙarshe da ake dubawa. Ka fara da ƙyallen, ka ji nauyinsa a hannu, ka duba yadda aka kalmasa baki, yadda aka kafa hannun riga, maɓalli, zif, zare. In duk waɗannan sun yi magana ɗaya sannan ka duba wuya ka ga ko sunan ya yarda da su.

Saura Baba. Na yi wata biyar a wurin Madam ina ci gaba da yi masa ƙaryar Juma'a, kuɗin da nake turawa ya ragu sosai, bai taɓa tambaya ba. A farkon 2015 Inna ta kira tace jikinsa ya yi tsanani. Na san ba zan iya zuwa ba, in na fita ba dawowa. Daren nan na kira, aka kara masa waya a kunne, nace Baba ina da maganar da zan faɗa maka, ban taɓa aiki a gidan nan da na ce maka ba, ko ƙofarsa ban taɓa shiga ba, sunansu nake ɗinkawa a kayan jabu, da kuɗin aka yi maka ido. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can sai yace, yanzu fa? Nace na bari, gyaran tsofaffin kaya nake da hannu a wurin wata dattijuwa. Yace da allura? Nace da allura Baba. Yace to ka riƙe ta, idon kuma Allah ya yafe mana ni da kai, ni na yafe maka. Bayan kwana tara ya rasu. Ban ga gawarsa ba, a wani masallaci a Goutte d'Or muka yi masa addu'a da mutanen da ba su taɓa ganinsa ba.

Inna ta aiko min da rigarsa ɗaya ta hannun wani ɗan garinmu, wadda ya ɗinka wa kansa tun kafin a haife ni, saƙi mai aska takwas. Na kai wa Madam. Ta juye ta kamar yadda ta juye kwat ɗin nan, ta sa tabarau ta bi bayan aikin, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni wata nawa ya yi yana yinta, nace Inna tace huɗu. Tace in da a benenmu yake da shi ne zai riƙe sashe guda. A 2017 da aka yi baje kolin cikar gidan shekara 70 a gidan tarihin Arts Décoratifs ita ta saya min tikiti muka je tare, tana tafe da sanda tana nuna min rigunan zamaninta ta bayan gilashi, tana gaya min wace ce ta kafa hannun wannan, wace ce ta yi kalmasar wancan, matan da ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu a bango ba.

Ita ta tsaya min da takardun shaidar aiki har na samu izinin zama a 2019. Ta rasu bayan shekara biyu, ƴarta ta kawo min kwalin takalmin nan tace an ce a ba ni. Na je Damagaram a 2022, karo na farko cikin shekara goma sha uku, na ziyarci kabarin Baba, na zauna a zauren. Abokansa biyu da suka rage suka ce ɗan Diyor ya dawo, sai na zauna na faɗa musu gaskiya su ma, ɗaya ya kama hannuna yace ai mahaifinka ya gaya mana kafin ya cika, mun dai saba da sunan ne.

Yanzu ina da ɗan shago na gyaran tsofaffin kaya, masu rumfuna a Saint-Ouen suna kawo min aiki, wani lokaci kuma su kawo riga suce in duba musu ko ta gaske ce. In na tarar da etiket ɗin ƙarya nakan faɗa wa mai ita, in ya yarda in cire. Sau biyu ina cin karo da ɗinkina na da, na gane shi da ɗinki takwas ɗin nan na kusurwa, na farkon sai da na fita waje na sha iska kafin na iya sa masa almakashi. Ina da yaro ɗaya ɗan Maradi da ke koyo a wurina, ya iya keke sosai kuma yana ƙorafi, don wata na biyu ke nan ban ba shi komai ba sai zura zare da tsintar fil. Gobe in Allah ya kai mu zan ba shi kalmasar wani siket na shekarun 1960 ya fara.